Farantin da Baba Ya Kawo Mini

Mahaifina ya shekara talatin da 'yan kai yana hawa rufin gidajen mutane. A unguwarmu ba mai kiran sa da sunansa na gaskiya, Eriya kawai ake ce masa, yara kuma su ce Baba Eriya. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da talabijin ba ya kama tasha sai an ɗaura masa eriya a kan dogon ƙarfe, a kafa a saman gida, a yi ta juyawa. Da wannan ya fara, bayan ya gama koyon gyaran rediyo a wurin wani tsoho mai faɗan tsiya. Da satalayit ya shigo, yana cikin na farko da suka iya kafa manyan farantan nan masu raga, waɗanda sai ƙarti huɗu sun kama ake ɗaga su. Da aka koma yayin ƙanana, ya bi su. Sunan ne kawai ya ƙi canzawa.

Bai wuce aji huɗu a makaranta ba, amma ya san sararin sama kamar yadda ya san lungunan unguwa. Zai tsaya a tsakar gidan mutum, ya dubi inda rana take, ya dubi inuwar katanga, sai ya nuna da sufana ya ce, "Nan za a kafa." Da wuya ka ga ya sake wuri. Yana da 'yar na'urar neman sigina mai ƙara kamar kukan tsako, amma in a gida yake gwada sabon faranti, Umma ce na'urarsa. Shi yana kan rufi, ita tana bakin taga, ido ɗaya a kan talabijin.

"Ya kawo! A'a, ya tafi! Koma baya kaɗan. Malam, ka wuce, ka wuce mana!"

"Wace tashar ce ta fito?"

"Ta mutanen nan masu girki ba sa ci!"

Maƙwabta har sun haddace. In wani yana neman hanya a lungu da kaya a kai, sai ka ji an ce masa, "Malam, ka wuce!" a fashe da dariya.

Shekarar da na shiga sakandare ya faɗo daga rufin wani shago, ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Wata huɗu ya yi a kwance. Da ya fara takawa, Umma ta kai tsaninsa gidan ƙawarta ta ɓoye, shi kuwa ya je ya aro na wani mai fenti. Tun daga lokacin yake ɗingishi, kuma tun daga lokacin ba ya sa takalmi rufaffe in zai hau sama. Ya ce da silifa ya fi jin inda kwano ya ruɓe.

Mu uku ya haifa, ni ce auta, kuma Auta yake kira na har yau. Duk ya sa mu a makaranta da wannan hawa da sauka. Ni na karanci harhaɗa magunguna, na sami aiki a wani babban kantin magani a tsakiyar gari, mai gilasai da sanyin na'ura. A can ne na fara yi wa Baba kwaskwarima da baki. In abokan aiki suka tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in ce, "Injiniya ne, ɓangaren sadarwa." Ina gaya wa kaina ai ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Da na faɗa sau uku, sau huɗu, sai bakina ya saba, ko ɗar ba na ji.

Bayan aurena muka kama gida a hawa na uku na wani sabon bene, mai get da maigadi da wurin ajiye motoci. Ƙofarmu na kallon ta wata matar likita, babbar mace mai fara'a, wadda nake kira Anti. Tun ranar da muka tare ta ja ni a jiki. Ita ta nuna mini inda ake zuba shara da lokacin da ake sako ruwa. Ranar da muka fara zama hira a falonta, kan kujeru farare da nake tsoron jingina da su, ta tambayi gidanmu. Na ba ta amsar da na saba bayarwa.

Ta ce, "Masha Allah, ashe 'yar injiniya ce. Shi ya sa na ga kanki a waye."

Na yi murmushi na ɗauki kofin shayi.

Maganar talabijin ta taso ne a sati na biyu. Mun rataye shi a bango, babba, amma ba abin da yake nunawa sai shuɗin allo. Maigidana ya ce kebul za mu sa. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: an riga an bi ginin da waya tun daga ƙasa har sama, ga ramin nan a bayan talabijin, sai dai kamfani su zo su jona. Ba ruwansa da hadari, alhali faranti da an fara yayyafi sai hoto ya daskare. Kuma yana zuwa da intanet a haɗe. Bayan haka, a takardar da muka sa wa hannu an rubuta ƙarara cewa mai benen ba ya son a huda masa bango.

Na ce, "Ka san fa Baba zai so ya sa mana faranti."

Ya ce, "To ki yi masa bayani. Baba mai fahimta ne. Ko ni in kira shi?"

Na ce a'a, ni zan gaya masa.

Da na je gida ƙarshen mako, ban kai ga buɗe baki ba Baba ya riga ni. Yana zaune a shagonsa na ƙofar gida, wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba, ga tsofaffin risiba, akwatunan kama tasha, jibge har rufi, ga rimot cike da kwali.

"Auta, na ji kun rataye talabijin. Kada ki bari a yaudare ku da wayar nan ta kamfani. Wannan igiya ce a wuya. Wani ya zo haƙa kwata ya sare ta, layi gaba ɗaya ku zauna kuna kallon juna, ku yi ta kiran lamba ana sa muku kiɗa. In kun tashi daga gidan, ku bar ta nan. Faranti kuwa naki ne. Ki cire, ki sa a mota, ki kafa a wani wurin. Ga tashoshi sun fi ɗari da ba mai tambayar ki komai duk wata."

Na ce, "Baba, an ce in ana ruwa yana ɗaukewa."

"Na wa? Na wanda bai iya saiti ba. Kuma in ana ruwa ai sai mutum ya kalli ruwan, shi ma abin kallo ne."

Umma ta leƙo ta ce, "Tun da kika tare yake shirin nan. Ki tambaye shi abin da ya ɓoye a bayan ƙofa."

Ya harare ta, ya ce mata ba ta iya riƙe magana ba. Na yi dariya tare da su, na ci abinci, na tashi na tafi ban faɗi komai ba. A mota na ce wa kaina zan kira shi a waya. Ranar Litinin na ce sai Laraba. Ranar Alhamis maigidana ya cike takardar kamfanin kebul, suka ce za su turo ma'aikata ranar Asabar da rana. Ya tambaye ni ko na yi magana da Baba, na ce masa e, mun yi magana.

Ranar Asabar da hantsi, maigidana ya fita, ina shanya a baranda, sai maigadi ya kira ni a waya. Ya ce ga wani mutum a get da kaya, ya ce wurina ya zo. Na leƙa ƙasa.

Baba ne a kan tsohon babur ɗinsa. Ya ɗaure faranti a baya da igiyar roba, ya yi masa sabon fenti fari sol, har yana ɗaukar ido. Nadin waya a kafaɗa, jakar kayan aiki a gaba. Yana sanye da rigar aikinsa mai ruwan toka, wadda aljihunta ya yage tun ina makaranta, da silifa a ƙafa. Tafiyar ta fi awa ɗaya daga gida.

Na sauko da gudu. Niyyata in tare shi a waje, in ja shi gefe in yi masa bayani. Ina isa ƙasa na tarar maigadi ya riga ya buɗe masa ƙaramar ƙofa, ya turo babur ciki yana ɗingishi, fuskarsa cike da fara'a. Ga kuma Anti tsaye a jikin motarta tana neman makulli a jaka.

Ta dubi farantin, ta dube ni, ta ce, "A'a, ƙanwata, faranti za ku sa? Ai ba a yarda da shi a gidan nan ba. Wane ne wannan ɗin?"

Tambaya ce ƙarama, ba da wata manufa ta yi ta ba. Na dubi rigar, na dubi silifan, na tuna fararen kujeru da kofin shayi. Sai na ji bakina yana cewa:

"Mai gyara ne, Anti. Daga tsohuwar unguwarmu."

Tsakanina da Baba bai fi taku uku ba. Hannunsa na kan igiyar yana kwancewa, sai ya tsaya. Bai ɗago ya dube ni ba. Ya ɗan jima a haka, sannan ya mayar da ƙugiyar igiyar inda take, ya ja ya tabbatar ta kama. Da ya ɗago, fara'ar tana nan, amma irin wadda yake yi wa masu gida ce in ya je aiki.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ashe ba a sawa a nan. To ba komai, sai in koma da shi."

Ni ya ce wa ranki ya daɗe. 

Anti ta ce, "Kai, Allah ne ya kawo ka, malam. Talabijin ɗin ɗakina kwana uku ke nan yana yi mini layi-layi, na kira kamfani har na gaji. Ko za ka duba mini?"

Ya ce, "Sai in duba, Hajiya."

Haka muka hau bene mu uku, ita a gaba, shi a tsakiya yana jan ƙafa yana riƙe ƙarfen matakala, ni a baya ina kallon dugadugansa da suka faffashe. A hawa na uku ya cire silifansa a bakin ƙofarta. Ƙofata tana bayansa a buɗe, ana hango talabijin ɗinmu a bango. Bai waiwaya ba.

Aikin bai ɗauke shi minti goma ba. Ya durƙusa a bayan talabijin, ya zare wayar, ya ce wanda ya ɗaura kan wayar bai matse shi ba. Ya yanke, ya fere da 'yar wuƙarsa, ya sa sabon kai daga jakarsa. Hoto ya fito tar. Anti ta yi ta sa masa albarka. Ta so ta sallame shi, ya ce a'a, wannan ai ba aiki ba ne. Sai ta ce ya ɗan jira, ta shiga ciki, ta fito da leda cike da kwancen rigunan mijinta.

"Ga wannan, malam, duk masu kyau ne, ƙiba ce ta hana likita sa su."

Baba ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya, ya yi wa likita addu'a. Ni ina tsaye jikin bango kamar an kafe ni da ƙusa. Da zai sauka ya ɗan rusuna mini ya ce, "A huta lafiya." Na ji ƙarar babur ɗin, ya ƙi tashi sau biyu, a na uku ya kama.

Da rana ma'aikatan kamfani suka zo su biyu cikin riguna iri ɗaya, suka jona kebul, suka nuna mini yadda ake canza tasha. Komai ya yi daidai, hoto kamar ka sa hannu ka taɓa. Maigidana ya dawo ya same ni a kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Da na gaya masa, bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan kujera ya ce, "Baba ya zo har ƙofar nan, ko ruwa bai sha ba?" Da ma zagi na ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce in tashi mu je yanzu. Na ce ba zan iya haɗa ido da shi ba.

Sati uku na yi ban taka gida ba. Kullum ina jiran kiran Umma ko na Yaya, babban wanmu, wanda ba ya tauna magana. Umma ta kira, amma hirar duniya ta yi. Ta ce, "Babanki ya ce mai benenku ba ya son huda bango, ya dawo da kayansa. Ya kuma samo riguna a wurin wata mata, har da mai dogon hannu." A nan na gane bai gaya wa kowa ba. Na kashe wayar na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata.

Ranar da na je, na same shi a shago yana gyaran rimot, sanye da riga mai ratsin shuɗi da ta yi masa yawa a kafaɗa. Ta likita ce. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya ture kwali ya ba ni wurin zama. Na durƙusa a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya ci gaba da goge cikin rimot ɗin da auduga. Can ya ce, "Me kika gaya musu ni ne?"

Na ce, "Injiniya."

"Na me?"

"Na sadarwa."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "To ai da kin sanar da ni, da na sa takalmi."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi, bai rarrashe ni ba, bai kuma hana ni ba. Da na lafa ya ajiye rimot ɗin ya ce:

"Bari in gaya miki abin da ya fi damu na. Tun daga get na ɗaga kai na ga barandarki. Ba ta kallon inda ya kamata, ga kuma wancan dogon benen ya tare muku sama. Ko mai benen ya yarda, ko ni ne na saita, faranti ba zai kama komai a wurin ba. Wayar da suka bi ginin da ita kuma mai kyau ce, na gani a ɗakin matar nan. Da kin bar ni na shiga na tsaya a barandar minti ɗaya, da bakina zan ce miki, Auta, ku sa kebul. Sai in sha ruwa, in ga ɗakin 'yata, in hau babur ɗina."

Na ce, "Baba, wallahi ban san abin da ya shiga kaina ba."

"Kin sani. Ni ma na sani. Tashi daga ƙasa, akwai ƙananan ƙusoshi a wurin."

Na tambaye shi don me yake sa rigar. Ya duba hannunta ya ce, "Riga ce mai kyau. Matar nan da zuciya ɗaya ta ba ni. Ita me ta yi?"

Farantin kuwa, Baba ya kafa wa wani mai aski a bakin titi, kyauta. Na wuce ta wurin da zan koma, na gan shi fari a saman shagon, mutane cike a ciki suna kallon ƙwallo.

Washegari na ƙwanƙwasa ƙofar Anti. Ban zauna ba, a tsaye na gaya mata cewa mai gyaran nan mahaifina ne, kuma ba injiniya ba ne, faranti yake kafawa, da shi ya yi mana komai. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Mahaifinki na ba kwance? A gabanki?" Ta zauna a hannun kujera, ta rufe baki da mayafi. Na zaci za ta yi mini faɗa, sai na ga ita ma kunya ce ta rufe ta, kunyar da ni na jawo mata ba ta ji ba ba ta gani ba. Daga baya ta ce, "Ni mahaifina itace yake faskarawa, ƙanwata. Da kin tambaye ni da na gaya miki." Ta nace sai na kai ta ta gaishe shi. Na kai ta. Baba ya karɓe ta da wasa da dariya, ya tambaye ta ko layi-layin ya dawo. Mu'amalarmu da ita ba ta yanke ba, amma ta daina ce mini kaina a waye yake.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Kebul ya kai har unguwarmu, aikin faranti ya ja baya, gwiwar Baba ma ta ƙi tsani. Yana zaune a shago yana gyaran rimot da risiba, matasan da ke kafawa a ƙauyukan gefen gari suna zuwa ya nuna musu saiti a kan takarda. A wurin aiki na gyara maganata, duk da ba wanda ya damu kamar yadda na zata. Wata abokiyar aikina ma lambarsa ta karɓa.

Ya zo gidana, ya shiga, ya sha ruwa, ya ga ɗaki. Yakan zo duk bayan wata biyu ko uku ya ga jikarsa, ya zauna a falo ya yi ta canza tasha yana kushe yadda kamfani suka jera su. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Sai dai duk ranar da zai zo, yakan tsayar da babur a kwanar layinmu, wajen mai sayar da lemo, ya kira ni a waya.

"Auta, ina kusa da ku. Ko kina da baƙi?"

Nakan ce, "Baba, don Allah ka daina tambaya, gidanka ne, ka shigo kawai."

Sai ya ce to. In ya tashi zuwa wani karon, sai ya sake tsayawa a kwanar ya kira.